Kwarin Kogin Min da Daminun da Ke Biyo Bayan Girgizar Ƙasa

Al'adar marubuta tarihi ce, tun daga na dauri har zuwa na wannan zamani, idan girgizar ƙasa ta auku su rubuta ranarta da sa'arta, su ƙididdige waɗanda suka halaka da gidajen da suka rushe, sa'an nan su rufe babin su buɗe wani. In kuwa bayan shekara biyu ko goma ruwan sama ya zaftaro gefen dutse ya binne wani ƙauye a wannan wuri, sai su sa labarin a wani babi dabam, ƙarƙashin sunan ambaliya ko zaftarewar ƙasa, sai ka ce babu nasaba tsakanin musibun biyu. Amma wanda ya nazarci tarihin kwarin Kogin Min, a lardin Sichuan na yammacin ƙasar Sin, zai tarar wannan rabo bai dace da haƙiƙanin al'amari ba, domin a can girgizar ƙasa takan fara aikinta cikin minti ɗaya ko biyu, amma damina ce ke ƙarasa shi, kuma takan ɗauki shekaru, wani zubin har tsawon rayuwar mutum, kafin ta gama.

Kogin Min yana tasowa ne daga tuddan da ke kusa da garin Songpan, a bakin tsaunukan Tibet, ya gangaro kudu ta cikin wani matsattsen kwari, ya wuce Maoxian da Wenchuan da Yingxiu, har ya fito sarari a Dujiangyan, daga nan ya ratsa filin Chengdu ya je ya haɗu da babban kogin Yangtze a birnin Yibin. Duwatsun da yake ratsawa kafin ya fito sarari, waɗanda ake kira Longmen, suna cikin mafi tsananin hawa a duniya: filin Chengdu bai wuce mita 500 da 'yan kai bisa teku ba, amma mutum bai yi tafiyar kilomita 50 zuwa yamma ba sai ya tarar da ƙololuwa masu kai wa mita 5,000. Dalilin haka kuwa, bisa ga bayanin masana ilmin ƙasa, shi ne tudun Tibet yana matsowa gabas a hankali yana turar tsohuwar ƙasar Sichuan mai tauri, wadda ba ta ja da baya, saboda haka duwatsun da ke tsakani suke tattarewa suna tsagewa. Ga shi kuma daga watan Yuni zuwa Satumba iskar damina tana kawo ruwa mai yawa, sau da yawa cikin dare. A wannan kwari ne ƙabilar Qiang da mutanen Tibet da na Han suka zauna ƙarni bayan ƙarni, suna noma a kan 'yan filayen da ke maƙale a jikin dutse, ayarin fatake kuma suna bi ta gabansu da ganyen shayi zuwa Songpan.

Mutanen dā sun san cewa wannan kogi ba ruwa kaɗai yake kawowa ba. Wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wani gwamna na daular Qin mai suna Li Bing ya shirya aikin ban-ruwa na Dujiangyan a daidai inda kogin ya fito daga duwatsu, kuma hikimar aikin, wadda ta sa yake amfani har yau, ita ce bai tare kogin ba. Ya raba shi gida biyu da wani dogon tsibiri mai tsini, ya yi wata gajeriyar madatsa inda ruwan ambaliya zai tsallake ya watsar da yashi da tsakuwa zuwa babban reshe, ya kuma fasa dutse ya yi ƙofar da ruwa mai sauƙin laka zai bi ya shiga gonaki. A dā, kowace shekara da sanyi, sa'ad da ruwa ya janye, akan tare reshen da itatuwa da kwandunan gora cike da duwatsu, a yashe shi zuwa wani zurfi ƙayyadadde, wanda daga baya aka yi masa alama da sandunan ƙarfe da aka binne a ƙasan kogin. Wannan yasa ta shekara-shekara, wadda aka yi ta yi fiye da shekara dubu biyu, shaida ce cewa duwatsun sama ba su taɓa daina zubowa ba, ko da masu yasar ba su san cewa wani kaso mai yawa na abin da suke kwashewa girgizar ƙasa ce ta farfasa shi tun kafin a haifi kakanninsu.

Littattafan tarihin Sin sun adana labarin abin da ya faru a shekarar 1786, zamanin Sarki Qianlong, a kan Kogin Dadu, wanda ke zuba cikin Min a Leshan. Ranar 1 ga Yuni ƙasa ta girgiza a yankin Kangding da Luding, dutse ya zaftaro ya toshe kogin. Ranar 10 ga wata toshiyar ta ɓalle, ruwan ya share garuruwan da ke ƙasa, kuma an ƙiyasta mutum kusan 100,000 ne suka halaka, adadin da ya ninka na ranar girgizar kanta sau da yawa.

Amma labarin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na Diexi. Wannan gari tsoho ne, an san shi tun zamanin daular Han, yana zaune a kan wani tudu bisa kogin, tsakanin Maoxian da Songpan, zango ne na fatake kuma sansanin masu tsaron hanya. Ranar 25 ga Agusta, 1933, da la'asar, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.5 ta auka masa, tudun da garin ke kai ya goce, ganuwa da kasuwa da gidaje suka nutse cikin ɓaraguzai, ƙauyukan Qiang da ke kewaye kuma suka bi shi. Dubban mutane suka mutu a wannan yini. Duwatsun da suka zubo suka datse Kogin Min a wurare uku, ruwa ya fara taruwa a bayansu, alhali a ƙasa kogin ya janye, abin da ya isa ya zama gargaɗi ga duk mai hankali. Sai dai a wannan lokaci lardin Sichuan yana hannun shugabannin soja masu yaƙar juna, babu wata hukuma ɗaya da za ta ɗauki nauyin fasa toshiyar ko kwashe jama'a a kan kari. Bayan kwana 45, ranar 9 ga Oktoba da almuru, toshiyar da ke ƙasa ta ɓalle. Ruwan ya gangara cikin dare ta Maoxian da Wenchuan, ya yi tafiyar kilomita kusan 250, ya kashe aƙalla mutum 2,500, waɗanda akasarinsu sun tsira daga girgizar suna zaton sharrinta ya wuce, ya kuma lalata ayyukan Dujiangyan. Tafkuna biyu daga cikin waɗanda suka taru a wannan shekara suna nan har yau, matafiya kan tsaya su ɗauki hotonsu saboda kyawun ruwansu.

Shekara 75 bayan haka, ranar 12 ga Mayu, 2008, da ƙarfe 2:28 na rana, ƙasa ta tsage a ƙarƙashin Yingxiu, tsagewar kuma ta yi gudu arewa maso gabas fiye da kilomita 200, ta bi ta Beichuan. Ƙarfinta maki 7.9 ne, ko 8.0 a lissafin hukumomin Sin. Mutum 69,227 aka tabbatar sun rasu, kusan 18,000 kuma suka ɓace. Daga cikin waɗannan, kimanin 20,000 duwatsun da suka zaftaro ne suka binne su. A tsohon garin Beichuan zaftarewa ɗaya, ta Wangjiayan, ta rufe mutum wajen 1,600. Da masana suka zauna da hotunan tauraron ɗan'adam suna ƙirga tabon da aka bari a jikin duwatsu, wata ƙirga ta ba da wajen 56,000, wata mai zurfi daga baya ta kai kusan 200,000; mafi girmansu, ta Daguangbao, ta motsa abin da ya kai kimanin kubik mita biliyan ɗaya na dutse.

A wannan karon darasin Diexi bai faɗi ƙasa banza ba. Wata zaftarewa a Tangjiashan, 'yan kilomitoci sama da Beichuan, ta toshe kogi, tafki ya fara cika, birnin Mianyang kuma yana ƙasa. Aka kwashe mutum fiye da 200,000, jirgi mai saukar ungulu ya riƙa ɗaukar katafiloli yana ajiyewa a kan toshiyar, sojoji suka hau da nakiya a bayansu, aka haƙa magudana, ranar 10 ga Yuni ruwan ya fice ya bi ta kangon Beichuan. Wannan nasara ce ta gaske, kuma ta cancanci yabon da aka yi mata. Sai dai tafki abu ne da ido ke gani, ana iya auna hawansa kowace safiya. Abin da ya fi wuyar gani shi ne abin da aka bari a cikin dubban kwazazzaɓai da ke rataye bisa kowane gari.

Ga yadda al'amarin yake. Dutsen da ya daɗe a zaune, ƙasar da ke jikinsa ta kame, saiwoyin itatuwa sun riƙe ta, ruwan sama kuma ya san hanyoyinsa na gangarowa, saboda haka sai ruwa mai tsanani ƙwarai ke iya motsa shi. Idan girgiza ta zo, abu biyu take yi. Na farko, tana zubo da duwatsu da tsakuwa da ƙasa mai laushi, waɗanda mafi yawansu ba sa kai wa kogi, sai su tsaya a tsakiyar gangare ko su cika cikin kwazazzabo, a sake, babu ciyawa babu saiwa. Na biyu, wanda ya fi ɓoyuwa, tana buɗe tsaga a cikin dutsen da bai faɗi ba, ta bar shi a tsaye kamar lafiyayye. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san katangar da ta tsage da rani ba ta faɗuwa da rani, sai marka ta zauna a watan Agusta, ruwa ya bi tsagar ya jiƙa gindinta, sa'an nan ta kwanta. To, haka ruwan damina ke yi da waɗannan ɓaraguzai: ya ratsa su, ya cika ƙofofin da ke tsakaninsu, ya ƙwaƙule ƙasa mai laushi, har tarin ya rikiɗe ya zama wani kwaɓaɓɓen taɓo mai nauyi, wanda ke gangarowa da gudu yana ɗauke da duwatsu masu girman ɗaki, yana kankare gefen kwazazzabo yana ƙara girma, har ya fito bakin kwari ya baje. Masu bincike a Beichuan sun auna suka ga cewa ƙarfin ruwan sa'a guda da ake bukata kafin irin wannan malala ta tashi ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu bayan girgizar. A tsibirin Taiwan, bayan girgizar Chi-Chi ta 21 ga Satumba, 1999, an ga raguwar da ta fi haka a kwarin Kogin Chenyulan, kuma guguwar Toraji ta Yulin 2001 ta tabbatar da ita da rayukan mutane. Ma'anar wannan ga manomi ita ce, ilmin da ya gada daga iyayensa game da irin ruwan da ake gudu da irin wanda ake kwana cikinsa ya tashi daga aiki dare ɗaya, ba tare da kowa ya sanar da shi ba.

Ba a daɗe ba aka ga alama. Ranar 24 ga Satumba, 2008, wata huɗu da 'yan kwanaki bayan girgizar, ruwa mai yawa ya sauka a Beichuan, kwazazzaɓai da dama suka ɓalle lokaci guda, taɓo ya binne wani sashe na kangon garin, mutum fiye da 40 suka mutu a yankin. Hukuma ta riga ta yanke shawarar ba za a sake gina Beichuan a mazauninsa ba. Aka bar kangon don tunawa, aka gina sabon gari mai suna Yongchang a fili, kilomita ashirin da 'yan kai daga nan. A ganina wannan ita ce shawara mafi hikima da aka yanke a dukan aikin sake ginin, ko da yake ita ce mafi ɗaci ga waɗanda suka bar kaburburan 'yan'uwansu.

Sauran garuruwa ba su sami wannan dama ba, kuma a nan ne ya kamata a yi adalci wajen hukunci. Gwamnatin Sin ta haɗa kowace gunduma da ta rushe da wani lardi mai arziki: Guangdong ta ɗauki Wenchuan, Shandong ta ɗauki Beichuan, Jiangsu ta ɗauki Mianzhu, Shanghai ta ɗauki Dujiangyan, aka kuma ƙudurta cewa aikin da aka tsara wa shekara uku a yi ƙoƙari a gama shi cikin biyu. Babu mai zargin wanda ke gaggawar fitar da miliyoyin mutane daga tantuna kafin sanyi. Amma a cikin matsattsen kwari ina fili yake? Filin da ake da shi kawai shi ne na bakin kwazazzabo da na gefen kogi, shi kuwa filin bakin kwazazzabo ba kowa ya shimfiɗa shi ba face malalar taɓo ta zamanin dā, wato wurin da ya fi daɗin gini shi ne ainihin wurin da malala ke sauka. Injiniyoyi sun san haka, sun kuma gina ƙananan madatsu a cikin kwazazzaɓan don tare duwatsu, sai dai sun auna girmansu da ma'aunin shekarun da suka gabaci girgizar.

Daren 12 zuwa 13 ga Agusta, 2010, aka biya farashin wannan kuskuren awo. A Qingping, wani gari na gundumar Mianzhu a kan Kogin Mianyuan, kwazazzabon Wenjia, wanda girgizar ta cika da miliyoyin kubik mita na ɓaraguzai, ya ɓalle cikin ruwan dare, ya share madatsun da aka gina masa, ya toshe kogin, ya binne ɗaruruwan sababbin gidaje waɗanda wasunsu masu su ba su daɗe da tarewa ba. Kashegari kwazazzabon Hongchun, daura da Yingxiu, ya zubo ya datse Kogin Min kansa, ya karkatar da ruwan cikin sabon garin da ake gab da miƙa wa jama'a. Abin lura a Qingping shi ne ƙarancin waɗanda suka rasu idan aka gwada da girman malalar, kuma dalilinsa ba madatsa ba ne: an sami gargaɗin ruwa, masu gadi suka ta da mutane cikin dare, dubbai suka hau tudu kafin taɓon ya iso. Wannan tsari na sa ido, inda kowane wuri mai haɗari ake naɗa masa mutumin ƙauye da zai riƙa duba tsaga da launin ruwan rafi, a ba shi kuge da usur da amsa-kuwwa, ya ceci rayuka da yawa, da kuɗi kaɗan ƙwarai in aka kwatanta da na kankare. Bayan 2010 aka sake gina ayyukan Wenjia da girma mai yawa, aka kuma karkatar da ruwan sama ta ramin da aka fasa cikin dutse, don kada ya bi ta kan tarin ɓaraguzan.

Malalar ta dawo a Yulin 2013, ta kuma dawo a ranar 20 ga Agusta, 2019, ta karya gadoji da hanyoyi a gundumar Wenchuan. Duk da haka masanan Jami'ar Fasaha ta Chengdu da abokan aikinsu na ƙasashen waje, waɗanda suka bi waɗannan kwazazzaɓai shekara da shekaru, sun ga cewa yawan zaftarewar ya ragu ƙwarai cikin shekara goma, da sauri fiye da yadda aka yi tsammani da fari, domin ruwa ya wanke ƙasa mai laushi ya bar manyan duwatsu waɗanda ba sa motsi da sauƙi, ciyawa da itatuwa kuma sun sake rufe tabon. Sai dai binciken nan ya nuna wani abu na biyu wanda bai kamata na farko ya rufe shi ba, wato mafi yawan abin da girgizar ta zubo bai bar duwatsun ba tukuna, yana nan kwance ƙarƙashin sabon kore, kuma fitarsa zuwa kogi aikin ƙarnoni ne.

Game da tsagar da ke ɓoye cikin dutsen da bai faɗi ba, Diexi ce ta sake ba da shaida. Ranar 24 ga Yuni, 2017, da asuba, bayan makonni ana ruwa, wani gefen dutse ya ɓalle daga tsawon fiye da mita 1,000 bisa ƙauyen Xinmo, wanda ke yankin Diexi, 'yan kilomitoci daga tafkunan 1933. Cikin kamar minti biyu ya binne gidaje fiye da 60, ya toshe rafin Songping. Aka tono gawa 10, mutum 73 ba a gan su ba. Wasu mata da miji sun tsira da jaririnsu saboda kukansa ya tashe su kafin dutsen ya iso. Masanan da suka hau wurin suka tarar da tsofaffin tsaga a jikin dutsen, suka danganta asalinsu da girgizar 1933, wadda ta Songpan ta 1976 da ta Wenchuan ta 2008 suka ƙara buɗewa, ruwan damina 84 kuma ya yi ta shiga yana raunana su. Babu mai kuge da zai iya ganin wannan, domin wurin ya fi ƙarfin hawan mutumin ƙauye, itatuwa kuma sun tare shi daga ƙasa. Amma da aka koma ga ma'ajiyar hotunan radar na tauraron Sentinel-1 na Turai, sai aka ga dutsen ya yi watanni yana motsi, motsin kuma yana ƙaruwa tun daga bazara. Bayanin yana nan a ajiye, ba a dai sa kowa ya duba shi ba. Tun daga wannan shekara hukumomin Sichuan suka shiga tace manyan gangarorin lardin da radar daga sama, sa'an nan su aika jirgi marar matuƙi da masu awo zuwa wuraren da aka ga suna motsi.